Kusurwar da Ta Yamutse

Burushin bai gama shafa ta uku ba Zuliha ta ga fentin yana motsi. Da farko ta ɗauka idanunta ne, don warin ruwan ya cika madafar har ya sa ta hawaye. Ta goge ido da bayan hannu, ta sunkuya. A kusurwar dakalin girkin, ta wajen taga, inda mahaifinta ya zana dagi shuɗi a kan jan fili, fentin ya soma tattarewa kamar saman madarar da aka dafa aka bari ta huce. Tana kallo layukan dagin suka kumbura, suka karkace, suka shige cikin juna.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta jefa burushin cikin roba, ta fizgo tsumma ta danna a wurin, wai ko ta kwashe ruwan kafin ya ci gaba da ɓarna. Da ta ɗaga tsumman, sai ga rabin dagin ya biyo shi. Abin da ya rage a wurin siminti ne tsirara, faɗin tafin hannu biyu, gefensa duk ya yamutse. Garin neman gira ta tsone ido.

Ta tsaya da tsumman a hannu. Daga tsakar gida tana jin tarin mahaifinta, da ƙarar cokali a kofin kunu.

Duk wanda ya girma a unguwar Birni ya san mahaifinta, Malam Ɗan Azumi. Shekara arba'in yana zana fuskokin gidaje a Damagaram, tun ana yi da ƙasa da makuba har aka koma siminti da fenti. Mutum ne da ba ya yabo, kuma ba ya yafe karkataccen layi. Zuliha tana yarinya ta ga ya sa an kankare bango guda don tauraro ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi. Shekara uku da suka wuce hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, ya nauyaya masa harshe. Tun daga nan ya zama mutumin tabarma, ba ya neman komai sai butar alwala.

Ita kuwa ta dawo gidan ne bayan rasuwar mijinta, tana yin yawur, wato kindirmon kanti, da gato, wato kek, tana kai wa masu butik, ƙananan shagunan unguwa. Da sana'ar ta ɗan kama, ta sa aka gina mata madafa ta zamani a inda tsohon rumbu yake, da dakalin siminti mai tsawo har ƙugu. Niyyarta a shimfiɗa masa karo, wato tayil. Ranar da magini ya gama, sai ga tsohon ya taso yana jan ƙafa da sandarsa. Ya daɗe yana shafa simintin da tafin hagu, sannan ya ce kalma ɗaya: "Fenti."

Kwana ashirin da uku ya yi a kan doguwar kujera yana zane da hannun da bai taɓa riƙe burushi ba. Wata rana layi biyu kaɗai zai ja daga hantsi zuwa azahar. Ita kuma ta koma girki a ƙarƙashin rumfa, tana tsere da hadari. Ranar Lahadi ya ajiye burushi. Yau Alhamis. Gobe da asuba ƙaninta Abdulaziz zai tafi da shi Yamai, inda likitoci za su yi masa aikin ƙarin da suka gano a cikinsa.

Jiya tana haɗa masa jaka ta ga farin yadi a ninke a ƙarƙashin rigunansa, da ƙullin turare a ciki. Ba ta tambayi kowa ba. Ta riga ta lura tun farkon mako yana aikawa a kira masa maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Ta mayar da rigunan yadda suke, ta yafa mayafi, ta tafi kasuwa ta sayo barni, ruwan nan mai sheƙi da ake shafawa don kada ruwa da maiƙo su ci fenti. So take ya gan shi a gama, yana ƙyalli, kafin ya hau mota.

"Wane irin wari ne wannan? Ko kananzir ya fi shi daɗi."

Gwaggo Tani ce, ƙanwar mahaifinta, ta nufo ƙofar tana toshe hanci da gefen zane. Zuliha ta yi wuf ta fito, ta jawo ƙofar, ta danna kwaɗo. Tagar kaɗai ta bari a buɗe don warin ya fita.

"Barnin ne, Gwaggo. Kada kowa ya shiga."

Mahaifinta yana jingine da bango a ƙarƙashin rumfa, kofin kunu a gabansa ko rabi bai sha ba. Ya ɗago kai.

"An shafa?"

"An shafa, Baba."

"In gani."

"Sun ce kada a buɗe ƙofa sai ya bushe."

"Su wa?"

"Masu shagon." Ta kasa haɗa ido da shi. "Zan je kasuwa in dawo. Akwai abin da na manta."

Ya ci gaba da kallonta har ta fice daga zaure. A waje ta ga shuɗin fenti a yatsunta, ta ɓoye hannun cikin mayafi.

Sama ta yi nauyi tun da safe, ba rana ba ruwa, sai gumi. Ta tsayar da mai babur ɗin haya, kabu-kabu, ta ce kasuwar Dole, ta ƙara da cewa ya yi sauri. Suna kan hanya wayarta ta yi ƙara. Abdulaziz ne, yana hanyar zuwa daga Yamai, muryarsa na cakuɗe da rurin bis ɗin da ya hau.

"Yaya, mun wuce Dogon Dutsi. Yaya jikin Baba? Ya ci abinci?"

"Ya ɗan taɓa."

"Takardun asibitin suna cikin jakar? Da hoton cikin?"

"Komai yana ciki," in ji ta, ta kashe kafin ya ƙara wata tambayar.

Shagon Alhaji Auwalu yana layin masu kayan gini. Bakano ne da ya fi shekara ashirin a unguwar Zango, amma har yanzu in ya buɗe baki ka san daga inda ya fito. Ta tarar yana auna wa wani ƙusa. Ba ta jira ya gama ba, ta ajiye gwangwanin a kan tebur, ta buɗe masa tsumman.

"Alhaji, dubi abin da kayanka suka yi mini."

Ya ɗauki tsumman ya juya shi, ya dubi gwangwanin.

"Subhanallahi. Hajiya, a kan fenti kika shafa?"

"To a kan me zan shafa? Ai na ce maka dakalin girki ne."

"Kin ce dakalin girki, kin ce in ba ki wanda ya fi kowanne saurin bushewa. Sau biyu kika faɗa. Ba ki ce da fenti a kai ba. Wannan na masu feshin kujeru ne, zafi gare shi kamar me. In ya sami fentin mai da bai nuna ba, dafa shi yake yi."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Laifina ne da ban tambaya ba," in ji shi, ba tare da gardama ba. Hakan ya ƙara ƙona mata rai, don da faɗa ta zo, ta rasa abokin yi.

"Yanzu me zai mayar da shi yadda yake?"

"Wanda ya tashi ya tashi. Ni sayarwa na iya. Amma ki je wajen Mamman mai feshi, a Sabon Gari, bayan tasha. In akwai dabara, shi zai sani."

Ta sake hawa kabu-kabu. Wata mai butik ta kira tana tambayar yawur ɗin yau, ta ce a yi haƙuri sai gobe. Wata ta kira kan gaton suna, ta ce za ta kira ta. Ta sauka a bayan tasha, ta yi tambaya a wuri uku kafin a nuna mata wata rumfar kwano da aka jera ƙofofin kabad a jikin bango.

Mamman mutum ne da furfura ta fara cin gemunsa, faratansa duk sun rine. Yana goge kan gado da takarda mai ƙaiƙayi, a hankali kamar mai shafa kan jariri. Ya amsa sallamarta, ya nuna mata benci, ya ci gaba da abin da yake yi.

"Malam, sauri nake."

"Duk wanda ya zo nan sauri yake, Hajiya. Bari in kai ƙarshen katakon nan."

Ba ta zauna ba. Ta yi ta kai da kawo tsakanin bencin da bakin rumfar, tana duba sama, tana duba waya. Da ya gama ya hure katakon, ya wanke hannu, sannan ya karɓi wayar ya dubi hoton dakalin da ta ɗauka ranar Lahadi. Ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya bi layukan da ido.

"Wannan ai hannun Malam Ɗan Azumi ne."

"Mahaifina ne."

"Ikon Allah. Ni na ɗauka ya daina. Shi ya zana fuskar gidanmu a Zango, har yau baƙi na tsayawa suna ɗaukar hoto." Ya ƙara matso da wayar. "Layin yana ɗan rawa."

"Da hagu ya yi."

Mamman ya ɗago ya dube ta. Sai ta miƙa masa tsumman, ta faɗa masa komai a tsaye, har tafiyar gobe. Farin yadin kaɗai ta ɓoye.

Ya jawo wani katako kore daga bayan rumfar.

"Taɓa. Ya bushe?"

"Ya bushe."

Ya danna farcen babban yatsa a kai, ya ɗaga. Farcen ya bar rami.

"Kwana shida ke nan da na shafa shi. Fentin mai haka yake, sama ya bushe, ciki ɗanye. Da rani ma sai ya yi mako biyu, balle yanzu da iska ke ɗauke da ruwa. Naki kwana nawa?"

"Huɗu."

"To kin gani. Ki ba shi mako uku, in kin iya ki ba shi wata. Sannan ki nemi barnin ruwa, wanda ba ya wari. Nan garin da wuya, sai dai a sa a kawo miki daga Kano ko Yamai. Ki fara gwadawa a ƙasan dakalin inda ido ba ya kai, ki kwana ki duba. In bai tayar ba, ki shafa siriri, kamar kina rowa. Ya kwana, ki ɗan goge da takarda mai laushi, ki share, ki ƙara. Sau uku. Bayan nan mako guda ko cokali kada ki ɗora. Kuma har abada tukunya mai zafi ba ta sauka a kai sai da katako a ƙarƙashi, wuƙa ma haka."

"Wata guda," in ji Zuliha. "Malam, gobe da asuba zai tafi."

"Na ji."

"In na sa masa fanka? In na hura gawayi a ɗakin?"

"Ko a tanda kika sa shi."

Ta zauna a bencin a karon farko. Sai kuma ta miƙe.

"To ka zo ka gyara kusurwar. Rabin dagi ne kawai, ga hoto. Ka yi shi yau, in ya leƙa daga ƙofa ya gan shi cikakke. Ba sai ya matso ba."

Mamman ya girgiza kai.

"Ni mai feshi ne, ba mai zane ba. Kuma ko na iya, ba zan sa hannu a aikin Malam a ɓoye ba. Mutumin da ke gane karkataccen layi daga kan jaki, shi za a ruɗa daga bakin ƙofa? Ki je ki faɗa masa, Hajiya."

"Ba ka san shi ba."

"Na san shi. Shi ya sa."

Ta yi masa godiya a gajarce ta fita. Faɗa masa? Ta gwada kalmomin a ranta, kowacce ta maƙale. Mutum ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya zuba a wuri ɗaya, ya ninke likkafaninsa, sannan ta zo ta ce masa ta goge da tsumma? A'a. Tun tana yarinya take kallon hannunsa. Dagi ai layi ne ke hawa kan layi ya shige ƙarƙashin wani. Za ta rufe ƙofa ta yi da kanta.

A wani shago kusa da tasha ta sayi ƙananan gwangwanaye biyu, shuɗi da ja, da siririn burushi. Tana fitowa iska ta taso, ta kwashi ledoji ta yi sama da su. Masu tebur suka shiga tattara kaya. Kafin ta sami abin hawa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ta fake a rumfar wani mai gyaran rediyo tare da mutane kusan goma da akuya biyu. Ruwa na dukan kwano har ba a jin magana. Azahar ta yi tana lissafin lokaci a ranta: in ta isa gida ƙarfe uku, ta kankare, ta shafa ja, ja ya sha iska, ta hau shuɗi. Sai ta tuna ramin farce a koren katako, ta kori tunanin. Abdulaziz ya kira daga Maraɗi, ta ce masa ana ruwa, ba ta ji. Gwaggo Tani ta kira sau biyu. A na biyun ta ɗauka, ta toshe ɗaya kunnen.

"Ina makullin madafa?"

"Yana wurina. Kada a buɗe, Gwaggo!"

"Me kika ce?"

"Na ce kada a buɗe!"

Layin ya yanke. Ta kira, bai shiga ba. Ta sake kira. Ta fito bakin rumfar, ruwa ya mare ta, ta koma. Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta matsa mata a kan benci.

"Zauna, 'yata. Tsayuwarki ba za ta ɗauke shi ba."

Ba ta zauna ba.

Sai wajen la'asar ruwan ya tsagaita. Titi ya zama kogi, jan ruwa na gangarowa daga duwatsu ɗauke da kara da takalma. Masu kabu-kabu biyu suka ƙi zuwa Birni. Na ukun ya kai ta rabin hanya, babur ya mutu a tsakiyar kududdufi. Ta cire takalma ta riƙe a hannu ɗaya, ledar fenti a ɗayan, ta ratsa lungunan da ƙafa, zanenta na manne mata a ƙwauri.

Tun daga zaure ta hango ƙofar madafar a buɗe. Kwaɗon na rataye a jikin ƙarfensa, an kwance ƙusoshin gaba ɗaya. Tabarmar da ke ƙarƙashin rumfa babu kowa.

Gwaggo Tani ta fito daga ɗaki da tsintsiya.

"Kin bar taga a buɗe, ruwa na feshi a kan aikin mutum. Ya ce a buɗe. Gidansa ne, in ce masa me? Maƙwabci na kira ya kwance." Ta rage murya. "Tun ɗazu yake ciki. Ya hana ni shiga."

Zuliha ta ajiye takalman. Daga ciki tana jin wani sauti, ƙar, ƙar, ƙar, a hankali, ba ya tsayawa.

Yana kan doguwar kujerarsa, hannun dama a kwance kan cinya, wuƙarta ta yanka albasa a hannun hagu. Ya kankare duk inda ya yamutse, ya wuce nan, ya bi sauran rabin dagin da bai lalace ba ya cire shi. Yanzu wurin fili ne mai kusurwa huɗu, gefensa a miƙe kamar an sa ma'auni. Ɓawon fenti ya taru a kan rigarsa. Gumi na bin wuyansa.

Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, ka yafe mini. Ni na yi. Ƙarya na yi maka da safe."

Bai juyo ba. Ya hure wurin, ya shafa da yatsa, ya sake kai wuƙar wani ɗan tabo.

"Me kika shafa?"

Ta miƙo gwangwanin barnin. Ya sa ta buɗe, ya kai hanci, ya kawar da kai.

"Wuta," in ji shi. Kalmomin na fitowa da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta rasa ko ɗaya ba. "Kin zuba... wuta... a kan ɗanyen aiki. Wa ya ce ki shafa?"

"Ba kowa."

"Kin tambaye ni?"

"A'a, Baba."

"Shekara arba'in!" Ya buga ƙotar wuƙar a kan simintin. "Ina gidan. Ina numfashi. Ba a tambaye ni ba. An tambayi... masu shago."

Rabon da ta ji ya ɗaga murya tun kafin ciwon. Jijiyar goshinsa ta tashi, idanunsa sun yi ja, kamar ranar da ya sa aka kankare bangon nan. Zuliha ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan jiƙaƙƙen zanenta. Tsoron da take ji irin na yarinta ne sak. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ta kasa ba shi suna, don mutumin da ke yi mata faɗan nan ba shi ne wanda ya yini jiya yana kallon bango ba.

"So nake ka gan shi a gama," ta ce a hankali. "Kafin ka tafi."

Ya sauke wuƙar a cinya. Ruwan indararo na ɗiga cikin bokiti a waje. Ya dube ta, ya daɗe, sannan ya mayar da ido kan ledar da ke gefenta.

"Mene ne nan?"

Ta fito da gwangwanayen. Ya nuna shuɗin, ta buɗe. Ya tsoma bakin wuƙa, ya ɗiga a gefen filin da ya kankare, kusa da nasa shuɗin. Ko ita ta ga bambancin. Nata yana ihu, nasa yana magana.

"Wa zai shafa wannan?"

Ta dubi siririn burushin da ke cikin ledar.

"Ke?"

"Na ce ko zan gwada."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ta ɗauka tari ne. Sai da ta ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga ta gane dariya ce.

"Nawa haɗi ne. Shuɗi, da baƙi kaɗan, da... da wani abu." Bai faɗi abin ba. Ya goge ɗigon da tsumma, tsaf. "Simintin ya sha guba. Sai ya fitar. Ba yau ba. Ba gobe ba."

"Mamman mai feshi ya ce sauran ma sai ya yi wata kafin a shafa masa komai."

"Mamman." Ya gyaɗa kai. "Yana da hankali." Ya ajiye wuƙar, ya bi dakalin da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, taurari da sarƙa da takubba, har idonsa ya dawo kan farin filin. Fuskarsa ta ɓaci kamar wanda ya ga ƙuda a nono. "Ba a barin aiki haka."

"Na sani, Baba."

"Kada ki rufe shi. Kada ki sa karo. Kada kowa ya taɓa. Ke ma."

"To."

Gwaggo Tani, da ke laɓe a bayan ƙofa tun ɗazu, ta leƙo.

"Wato wata guda kuma muna girki a waje cikin ruwan nan?"

"Biyu," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "Akwai tuwo?"

Gwaggo ta dubi Zuliha, Zuliha ta dubi Gwaggo. Kwana huɗu ke nan ba abin da ya wuce masa wuya sai kunu.

"Yanzu za a ɗora," in ji Gwaggo, ta juya da sauri har tana tuntuɓe da tsintsiya.

Zuliha ta kama shi ya sauko daga kujerar. Jikinsa ba nauyi, kamar damin kara. Suna tsakiyar tsakar gida, tana kauce masa da taɓo, wayarta ta sake ƙara. Ta zaunar da shi a kan busasshiyar tabarma kafin ta ɗauka.

"Yaya, mun baro Tasawa," in ji Abdulaziz. "In Allah ya so kafin isha muna tasha. Ki shirya shi da wuri, randebu ne, likita ya ba mu Asabar da safe, ba a makara."

Mahaifinta ya miƙo hannun hagu. Ta yi jim, don tun da harshensa ya yi nauyi ba ya yarda da waya. Ta buɗe muryar, ta riƙe masa kusa da baki.

"Abdu."

"Na'am, Baba! Baba, kai ne? Yaya jiki?"

"A Yamai... akwai shagon fenti? Babba?"

Rurin mota ya cika layin.

"Fenti, Baba? Akwai mana, da yawa."

"Barnin ruwa. Mara wari. Za ka kai ni... in zaɓa da kaina. 'Yar'uwarka ba ta iya saye ba."

"To, Baba. In sha Allahu." Muryar Abdulaziz ta nuna bai gane komai ba, yana dai bin tsoho da to. "Yaushe kake so mu je? Kafin asibiti, ko bayan?"

Tsohon ya dubi ƙofar madafar da ke buɗe. Zuliha ta ƙara matso masa da wayar.

"Bayan," in ji shi.

Ya ture wayar, ya jawo butarsa, ya ce a duba masa ko la'asar ba ta wuce ba.